Fuskar da Aka Sassaƙa wa Richpal

A duk ƙasar Shekhawati, in ana zancen garuruwan da suka ba gwamnati maza, sai an fara da Padamsar kafin a tuna da saura. Ba gidan da za ka shiga a garinmu ka rasa akwatin ƙarfe na soja a ƙarƙashin gado. A cikin mazan Padamsar kuwa, in ka cire Saje Jhabar, sauran 'yan rakiya ne. Shi ne ya je yaƙin duwatsun ƙanƙara yana saurayi, ya dawo da ƙafafunsa, ban da yatsu biyu da sanyi ya cinye. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa yake karɓar fansho, amma in ya gyara zama a gadon igiya, ya zuƙi tukunyar taba, ya murza gashin baki, malamin makaranta ma kame bakinsa yake yi.

Labarinsa guda ne, kuma bai taɓa sa masa ƙarya ba. Ana ja da baya, abokan gaba sun cika kwari kamar kiyashi, ga waɗanda suka ji rauni a kwance. Dole wani ya tsaya a bakin mashigi da bindiga mai jigida har a sauko da su. Richpal, ɗan garin nan, ya ce shi zai tsaya. Takalmin Jhabar ya riga ya yage, ƙafa ta fara baƙi. Richpal ya zauna a kan ƙanƙara, ya kwance nasa ya jefa masa.

"Sa. Kai ke da tafiya, ni na iso."

Jhabar ya saɓa mutum a kafaɗa ya gangara, bindigar na ta magana a bayansa har suka tsallake rafi, sannan ta yi shiru. Gawa ba ta dawo ba. Lambar yabo ce ta zo cikin ɗan akwati, uwar Richpal ta binne ta a tukunyar gero har ita ma ta bi ɗanta.

Gaskiya ne, in Jhabar ya ɗauko labarin, zancen takalmi da bindiga ba ya daɗewa. Sauran yinin na gangarowa ne: yadda ya faɗi ya tashi, yadda ya ciji leɓe har jini ya daskare a gemunsa, yadda babban hafsa ya dafa kafaɗarsa. Wannan ba abin zargi ba ne, wanda ya rayu shi ke da baki.

Ana nan sai mutanen Jaitsar, ƙauyen da ko rijiyar kirki ba su da ita, suka kafa wa wani yaronsu da ya faɗi a yaƙin baya-bayan nan mutum-mutumi na farin dutse a bakin titi. Amare suka riƙa zuwa suna durƙusawa a gabansa, masu motar haya suna busa masa ƙaho. Abin ya tsaya wa Padamsar a wuya. Aka taru a dandali aka haɗa hannu, aka ce Richpal ma sai ya tsaya, kuma ya fi na Jaitsar tsawo.

Shugaban gari, Bhanwar Lal, ya ce a aika a ɗauko Patasi, yayar Richpal da ke aure can bayan Churu, ta faɗa wa masassaƙi kamanninsa. Ita kaɗai ta rage a gidansu.

Jhabar ya ce, "A wahalar da tsohuwa ina raye? Fuskar nan tana cikin idona. Ku bar ta ta zo ranar buɗewa ta ga ƙaninta tsaye."

Aka sa buɗewar ta faɗo ranar rakhi, ranar da kowace mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, ba ta kuwa sa komai a baki sai ta ɗaura. Tun da Richpal ya tafi, Patasi a ƙusar bango take ɗaura nata.

Jhabar ya naɗa rawaninsa mai ruwan ɗorawa ya shiga mota zuwa birni, wajen Ghisa masassaƙin dutse, ya miƙa masa hoton da aka ɗauke su tare ranar gama horo.

Ghisa ya juya hoton sama da ƙasa, ya kira shi Tau, yadda muke kiran dattijo. "Tau, ai gara ta riga mu. Hula nake gani da rabin kunne."

"Bar hoto, hoto na waɗanda ba su san mutum ba ne. Rami ɗaya muka kwana, kofi ɗaya muka sha shayi. Tambaye ni."

"To, hanci fa?"

"Hancin soja." Jhabar ya juya gefe ya ɗaga kai. "Miƙaƙƙe, da ɗan tudu a nan."

"Haɓa?"

"Ta maza. Ka ga, haka."

"Yana da gashin baki?"

"Kai Ghisa! A garinku ana zuwa yaƙi ba gashin baki?"

Ghisa bai sake tambaya ba. Ya ɗauki gawayi yana zane a bango, Jhabar kuwa ya miƙe ya nuna masa yadda soja ke tsayuwa, yadda ake riƙe bindiga, yadda ake kallon abokin gaba. Ya yini yana nunawa. Da aiki ya kusa ƙarewa aka kira shi ya duba. Ya tsaya gaban dutsen, ƙwalla ta cika masa ido.

"Shi ne. Na rantse da ruwan kogin Ganga mai tsarki, saura kawai ya buɗe baki ya ce Jhabar."

Ranar rakhi gari ya waye da hadari a gabas, amma bai zubo ba, sai zafi mai naso. Dandali ya cika. Masu ganga sun zo, 'yan makaranta sun yi layi, har mutanen Jaitsar sun zo ganin ƙwaf. Mutum-mutumin na tsaye a kan dakalin da bai wuce gwiwa ba, lulluɓe da jan yadi. Jhabar na kujerar gaba, lambobinsa a ƙirji, gashin baki ya sha mai. An sauko da Patasi daga amalanken raƙumi, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai tabarau kamar gindin kwalba, tana rungume da faranti: zare, jan gari na ɗigawa a goshi, 'yar fitila, da alewar gewar. An miƙa mata ruwa ta kau da kai.

"Sai na ɗaura."

Bhanwar Lal ya yi jawabinsa, ya ja igiya, yadi ya zame. Ya hau tsani ya rataya wa dutsen sarƙar furanni a wuya, irin wadda ake rataya wa hoton mamaci. Kiɗan ganguna ya ɗauka, sai kuma ya yi sanyi, don masu tafi sun tsaya da hannu a sama. Idanu suka riƙa tashi daga dutsen su sauka a kujerar gaba, su koma kan dutsen.

Mangej ne ya fasa shirun, tsohon mai raƙumin nan da soja suka ƙi ɗauka don ƙirjinsa bai kai awo ba, abin da bai taɓa yafe wa kowa ba. Ya ɗaga murya da gaisuwar garinmu.

"Ram Ram, Saje! Ashe ka mutu ba a gaya mana ba? Yaushe za a ci abincin makoki?"

Dariya ta tashi daga ɓangaren mutanen Jaitsar ta bi dandali kamar wutar kara. Jhabar ya yunƙura zai ba shi amsa, sai ihu ya fito daga cikin mata. Barji ce, matarsa, ta ture na gabanta, lulluɓi ya zame har ana ganin furfurarta.

"Ku cire! Ku cire furen nan daga wuyansa! Mijina na zaune da ransa kuna rataya masa furen matattu? So kuke a fasa mini awarwaro kamar mai takaba?" Ta juyo kan Jhabar. "Baban Sajjan, wannan wane irin mugun abu ka jawo mana?"

"Ke, rufa mana baki! Richpal ne."

"Richpal? Hancin da na yi shekara hamsin ina jin minsharinsa ne ban sani ba?"

Jhabar ya ɗaga kai ya dubi dutsen da kyau, wannan karon da idon mutane. Ga tudun hancin. Ga haɓar. Ga gashin baki ya murɗe sama, gefen hagu ya ɗan fi tsawo, yadda hannunsa ya saba ja. Shi ne, sak, sai dai ba tamoji. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin rawani.

Duk wannan hayaniya Patasi ba ta tsaya ba. Ta taka a hankali har gindin dakali, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon sama.

"Wannan wane ne?"

Bhanwar Lal ya rusuna, ya kira ta Bua, wato gwaggo. "Bua, ƙaninki ne. Ga sunansa a rubuce a ƙasa."

"Ni ban iya karatu ba, ɗana, fuska na iya. Richpal ko aska bai fara sa wa leɓe ba ya tafi. Wannan ƙaton waye?"

Ta juya ta dubi Jhabar, ta dubi dutsen, sai ta nemi wuri a ƙasa, cikin rana, ta zauna ta ɗora farantin a cinya.

"Ni wajen ƙanina na zo. Ina jira."

Aka yi lallashi har aka gaji. Mata suka ce ta koma inuwa, ta ƙi. Bhanwar Lal ya ce dutse ai dutse ne, niyya ce abin dubawa, ta ɗaura kawai ta sha ruwa. Ta ce zaren rakhi ba igiyar akuya ba ne da za a ɗaura inda aka samu turke. Leɓunanta sun bushe sun yi fari.

Jhabar ya taso. Mutumin da ya gangaro dutsen ƙanƙara da wani a kafaɗa ba zai tsaya tsohuwa ta kunyata shi a dandalin garinsu ba. Ya tsuguna gabanta, ya sassauta murya.

"Yaya Patasi, shekaru ne suka yi yawa. Soja na canza mutum. A can ya cika, ya yi ƙirji, ba yaron da kika sani ba ne. Ni na gan shi ƙarshe."

"Kai ka gan shi ƙarshe," ta ce. "To faɗa mini. Wane kunne ne ɗan maraƙi ya tsaga masa?"

Jhabar ya buɗe baki. Dama ko hagu? Kunne ma a tsage yake?

"Girarsa a haɗe take ko a rabe?"

Ya runtse ido ya koma bakin mashigin, wurin da yake komawa kullum in ya zuƙi taba. Ga ƙanƙara. Ga bindigar. Ga takalmi na tahowa a iska, ga ƙafafu cikin safa mai huji a dunduniya. Ya ɗaga ido daga ƙafafun zuwa sama, ƙirji, wuya, sai ya tarar da fuskar dutsen nan tana kallonsa da gashin bakinta. Ya sake gwadawa, ya nemi Richpal a ramin da suka kwana, a jirgin ƙasa, a bakin rijiyar gari suna yara. Ko'ina jiki na nan, murya na nan, fuskar babu. Tun yaushe ta tafi, bai sani ba. Ya yi ta ba da labarin mutumin a kowane biki da kowane makoki, bai taɓa lura ba.

"Ban tuna ba," ya ce. Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, amma na kusa sun ji, suka miƙa wa na baya.

Patasi ba ta zage shi ba. Da ta zaga da ya fi masa sauƙi. Ta dai mai da ido kan farantinta.

Ghisa na cikin taron, ya zo karɓar rawanin girmamawa, yanzu kuwa yana neman hanyar sulalewa ta bayan masu ganga. Jhabar ya cafko shi a hannun riga.

"Kai, munafiki! Wa na ce ka sassaƙa?"

"Tau, sake ni! Na ce hanci ka nuna mini naka, na ce haɓa ka turo taka. Ka zo ka duba ka rantse da Ganga. Ni na san Richpal ne?"

"To gyara shi."

"Dutse ne fa, ba ƙullun gurasa ba. Ragewa ake yi, ba a ƙarawa. Kuma in na sa masa kurfi a nan, ba zai ƙara yin kyau ba har abada."

Patasi ta ɗago. "Ragewa? Ai ragewar ce ake so. Yaron duk fuskarsa ba ta cika tafin hannuna biyu ba."

Bhanwar Lal ya ja Jhabar gefe. "Tau, yi tunani. Na Jaitsar ko kusa bai kai wannan ba. A ɓata shi a gabansu? Tsohuwar nan gobe za ta koma garinsu. Shekara kaɗan wa zai san bambanci? Sunan nasa ne, fuskar kuma ta jarumi ce, duk ɗaya ne."

Jhabar ya sake kallon sama. Kai, aikin ya yi kyau. Haka yake kuwa a zamaninsa, 'yan mata na leƙensa ta katanga. In aka bar shi, zai tsaya nan bayan an ƙone gawarsa, bayan Mangej ya zama toka, amare na durƙusa masa, jikokin jikoki na nuna shi da yatsa. Zuciya ta ce masa ai shi ma ya yi yaƙin, yatsunsa na can cikin ƙanƙara. Ya ci gaba da kallon dutsen har Bhanwar Lal ya fara murmushi. Sai ya ji faranti ya yi ƙara. Hannun Patasi ne ya kasa, 'yar fitilar ta gangara cikin rairayi, wata mata ta tare tsohuwar ta baya.

"Ghisa, ina kayan aikinka?"

"Suna cikin jaka, Tau, amma..."

"Hau."

Rairayin gindin dakalin ba ya riƙe tsani, sai wani ya dafe. Samari suka matso, Jhabar ya kore su. Ya ware ƙafa ya rungumi tsanin da hannu biyu. Aka jawo amalanke kusa, aka ɗora Patasi a kai bisa buhun ƙaiƙayi yadda za ta ga fuskar sosai, wata ta riƙe mata lema. Barji da kanta ta sa sanda ta zare furen daga wuyan dutsen.

"Fara da wannan tsintsiyar," in ji Patasi.

Ghisa ya saita kurfi ya buga guduma. Gefen hagu na gashin bakin ya ɓalle ɗungum, ya daki Jhabar a kafaɗa, ya faɗi ƙasa. Dandali ya kece.

"A hankali, wanzami!" in ji Mangej. "Kada ka yanke Saje, bai saba aski ba!"

Wani daga Jaitsar ya ce, "A ba mu guntun mu kai garinmu, mu ma mu ga abin da ya kori abokan gaba!"

Jhabar bai ɗago ba. Goshinsa na jingine da matakalar tsani, yana kallon rairayi. Kowane bugu sai ya ji shi a haƙoransa. Ɗaya gefen ya faɗo. Farar ƙura ta riƙa sauka a kan rawani mai ruwan ɗorawa, a kan lambobin, a kan gashin bakin gaske da ya sha mai, ta manne.

"Kumatun nan, rage. Bai taɓa ƙoshi ba, uwarmu ta yi ta fama. Ƙara. Hancin gajere ne, kamar an danna da yatsa. A'a, ba haka ba, kai ba ka taɓa ganin hancin yaro ba? Haɓar ta yi faɗi. Kunnen dama, ka tsaga shi nan sama."

Dama ne ashe. Jhabar ya riƙe wannan a ransa kamar wanda aka ba sadaka.

Tun ana dariya har aka daina. Mutanen Jaitsar suka gaji suka kama hanya. 'Yan makaranta aka sallame su. Mangej ma ya bar zolaya, daga baya ya je ya ɗebo ruwa a buta yana zuba wa Ghisa a kan dutsen don ƙura ta kwanta. Rana ta karkata, hannuwan Jhabar suka mutu, ƙafar da ta rasa yatsu ta fara zugi, bai ce a karɓe shi ba. Muryar Patasi na ƙara dusashewa, har sai da matar da ke riƙe da lema ta riƙa maimaita wa Ghisa abin da ta ce.

Can Ghisa ya ce, "Bua, in na ƙara bugu ɗaya a nan, kan zai tsage. Iyakar abin da dutsen zai bayar ke nan."

Jhabar ya saci kallo. Abin da ke sama ba kyau. Ƙaramin kai a kan ƙaton jiki, hular ta yi masa yawa, kumatu duk sawun kurfi, leɓen sama ya yi tudu inda aka cire gashi. Ya jira ko zuciyarsa za ta buga ta ce shi ne. Ba ta ce komai ba. Wani yaro ne kawai da bai sani ba.

Patasi ta sa aka matso da amalanken har ya taɓa dakali, aka tayar da ita tsaye a kan buhun. Ta miƙa hannu ta shafa kumatun, ta bi hancin da yatsa, ta tsaya a kunnen.

"Ba shi ba ne sosai," ta ce. "Amma ba kowa ba ne kuma. Zan iya kiransa."

Ta dangwali jan gari ta ɗiga a goshin dutsen. Ta ɗauki zaren, ta zagaya shi a wuyan hannun da ke riƙe da bindiga, ta ƙulla, ta sake ƙullawa.

"Richpal, ɗan banza, ka sa na yini da yunwa."

Ta gutsuri gewar ta taɓa wa leɓen dutsen, sannan ta sa a bakinta. Mangej ya miƙa mata butar ta sha, ruwa na bin haɓarta. Da ta sauke numfashi sai ta leƙo ƙasa, inda Jhabar ke tsaye fari fat tun daga rawani har takalmi, ido kawai ke motsi, ƙura ta yi layi biyu a kumatunsa.

"Jhabar, je ka wanke fuskarka, mutane na kallo."

Ya so ya tafi, ya so ƙwarai. Amma Ghisa na sama yana tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, in ya saki tsanin zai faɗo. Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da riƙewa.